Yini Guda A Ƙauyen Kwamfuta Na Ikeja

A wannan watan Ikko za mu nufa, mu shiga wata kasuwa da babu atamfa ko leshi ko kwanukan jere a cikinta, amma duk da haka ina ganin ya kamata uwargida ta san da zamanta, domin abin da ake sayarwa a can ya riga ya shigo mana ɗaki, ko mun so ko mun ƙi. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, saboda haka yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an riga an tsere masa tun kafin a busa usur.

Sunan kasuwar Computer Village, wato Ƙauyen Kwamfuta. Sai dai duk wadda ta ji an ce ƙauye ta ɗauka za ta tarar da bukkoki da inuwar kuka, to ta sake shiri. Unguwa ce a tsakiyar Ikeja, babban birnin Jihar Legas, tafiyar 'yan mintoci daga filin jirgin sama na Murtala Muhammed in hanya ta yi kyau, in kuwa cunkoso ya kama sai abin da hali ya yi. Da can gidajen zama ne da 'yan ofisoshi. A shekarun 1990 masu sayar da kayan kwamfuta suka fara kama shaguna a wani layi da ake kira Otigba, shi ya sa har gobe tsofaffin 'yan kasuwar Otigba suke ce mata. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 sai kasuwar ta tumbatsa, ta malala zuwa layukan Pepple da Ola Ayeni da Oremeji da Kodesho, ta cinye gidajen mutane ɗaya bayan ɗaya. Falo ya zama shago, kicin ya zama shago, hatta ƙarƙashin matakalar bene akwai wanda ya kafa ɗan akwatin gilashi yana cin abinci a wurin. Wanda bai samu ko wannan ba sai ya buɗe bayan mota ya baza haja, ko ya tsaya da ƙafarsa da waya uku a hannu.

Abin da zai fara tarbarki ƙara ce. Kusan kowane bene da janaretocinsa a jere a baranda, ga lasifika ta ko'ina, ga 'yan kamasho da ke tare mutum tun daga ƙarƙashin gadar Ikeja. Da sun hangi hijabi sai ki ji ta ko'ina, "Alhaja! Alhaja! Waya ce? Laftof ce? Saye ko gyara ko musaya?" Waɗannan yara yawancinsu ba su da shago. Aikinsu su kai ki wurin mai shago, a ɗora ladansu a kan kuɗin da za ki biya. Ba a yi musu tsawa, ba a kuma tsaya musu. Ki gaishe su ki wuce, jakarki a gabanki.

Abin da ya kai ni shi ne 'yar yayata. Yarinyar ta kammala karatun zanen gine-gine, tana son ta riƙa karɓar aikin zanen gidaje daga ɗakin mahaifiyarta, sana'ar da ko aure ta yi za ta tafi da abarta. Mahaifinta ya rasu, kuma kuɗin da za a sayi kwamfutar daga cikin ɗan abin da ya bar mata ne, uwar ta cika da kuɗin adashenta. Kin ga kuwa kuɗi ne da ba a yi musu sayen gwaji. In an saya daidai an kafa mata jari, in an sayi gawa babu inda za a sake samo wasu. Da yake muna da suna a gidan ƙanena a Agege a watan Yulin 2025, sai yayata ta ce mu tafi tare da yarinyar, a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Wata za ta ce me ya sa ba a sayi laftof ba, ga ta ana yayi? Dalili uku ne. Da kuɗi ɗaya, kwamfutar tebur ta fi ta cinya ƙarfi. Na biyu, akwati ce da ake buɗewa a canja abin da ya tsufa a ƙara abin da ya gaza, alhali laftof ɗin zamani da yawa an liƙe kayan cikinsu da dalma. Na uku kuwa na iyaye ne: tana zaune wuri ɗaya a falo, ba a aronta, ba a shiga da ita cikin bargo, abin da ƙanne ke kallo kowa na gani.

Ƙanena ya hana mu fita da sassafe saboda ranar Alhamis ce, kuma kasuwannin Legas sukan yi shara da safiyar Alhamis, sai wajen ƙarfe 10 ake buɗe shaguna. Mota muka shiga daga Agege saboda kayan da za mu dawo da su. Acaba dai an hana shi a Ikeja tun watan Yunin 2022. Akwai kuma jirgin ƙasa na cikin gari da aka ƙaddamar a 2024, wanda ke tashi daga Agbado ya bi ta Agege da Ikeja da Oshodi har Oyingbo, tasharsa ta Ikeja tana dab da bakin kasuwar.

Kwamfutar tebur iri uku ce a wannan kasuwa, kuma tun kafin ki tambayi farashi ki san wacce ake nuna miki. Akwai sabuwa fil a kwalinta, ƙirar kamfani irin su HP da Dell da Lenovo. Akwai ta haɗi, wadda za ki zaɓi sababbin kayan ciki ɗaya-ɗaya a ɗaura miki a gabanki, kamar ki sayi yadi ki kai wa tela. Sai kuma ta hannu, wadda suke kira tokumbo ko "ta Landan", ko da kuwa daga Amurka ta fito. Yawancin irin wannan kwamfutocin ofisoshi ne da bankuna na Turai da Amurka da aka yi ritayarsu bayan 'yan shekaru, aka loda a kwantena zuwa tashar Apapa. A cikinsu akwai masu lafiya ƙalau, akwai kuma shara. A 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka mai suna Basel Action Network ta fitar da rahoto cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke shigowa Legas duk wata, kuma har kashi 75 cikin 100 na iya zama abin da ba ya gyaruwa. An yi dokoki tun daga lokacin, amma in kika leƙa bayan benaye za ki ga matasa zaune cikin tulin matattun alluna suna tsintar abin da zai moru. Ni ban raina ta hannu ba. Abin da na ƙi shi ne a wanke ta hannu, a sa ta a sabon kwali, a karɓi kuɗin sabuwa.

Shagon farko da muka shiga, saurayin da ke ciki ya jawo wata baƙar akwati mai sheƙi ya buga ƙirji ya ce, "Alhaja, wannan Core i7 ce, babu sama da ita." Farashin kuwa da sauƙi har ya ba ni sha'awa. Sai 'yata ta ce a kunna. Da ta tashi ta danna wasu maɓallai uku tare, Ctrl da Shift da Esc, wani shafi ya buɗe, ta duba ta ce, "Anti, i7-3770 ce. Tun 2012 aka yi ta." Muka yi godiya muka fito.

A nan ne ake yi wa mutane da yawa sakiyar da ba ruwa, don haka bari in ɗan tsaya. Masarrafa, wadda 'yan kasuwa ke kira furosesa, ita ce mai yin aikin a cikin kwamfuta. Kamfanoni biyu ne suka riƙe kasuwarta, Intel da AMD. Na Intel da aka fi sani su ne Core i3 da i5 da i7 da i9, na AMD kuma Ryzen 3 da 5 da 7 da 9. Mutane sun haddace cewa 7 ta fi 5, 5 ta fi 3, kuma haka ne in zubinsu ɗaya. Amma kusan kowace shekara ana sabon zubi, kuma lambar da ke bayan sunan ita ke faɗin zubin. A kwamfutar tebur ta Intel, in lambobi huɗu ne, na farkon shi ne zubi: 3770 zubi na 3 ke nan, 8500 zubi na 8. In biyar ne sai ki ɗauki biyun farko: 12400 zubi na 12, wanda ya fito a 2022. Ƙaramar i3 ta zubi na 12 ta fi waccan i7 ta 2012 sauri nesa ba kusa ba, ga ƙarancin shan wuta. Tambayar "i nawa ce?" ita kaɗai kamar ki tambayi sunan mota ne ki manta da shekararta. Sababbin na Intel ma yanzu wani suna suke ɗauka, Core Ultra, da nasu lissafin daban.

Akwai wani dalilin da ya sa zubi ya zama abin dubawa. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya shiga wani shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa a ƙa'ida ba ta hawa masarrafar Intel da ta gaza zubi na 8, ko Ryzen da ta gaza jerin 2000. Masu gyara sun iya dabarar cusa ta da ƙarfi a kan tsohuwar na'ura, ki ga tana aiki a shago, amma kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da kula da irin wannan ba. Duk wadda za ta saya wa gida kwamfuta yau, ko ta hannu ce, kada ta sauka ƙasa da zubi na 8.

Wani abokin ƙanena, ɗan canji ne a Ikeja, shi ya yi mana kwatancen shagon da yake sayayya, a hawa na biyu na wani bene a layin Pepple. Matakalar ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkata. Mai shagon Ibo ne, dattijo, da yaransa uku masu koyon kasuwa. Al'adarsu ce yaro ya yi wa ubangida hidima shekaru, in ya gama a sallame shi da jari ya buɗe nasa, kuma da yawa daga shagunan kasuwar ta haka suka samu. Amma wadda ta ɗauki hankalina ita ce injiniyar shagon, wata matashiya Bayarabiya da ke zaune can ƙurya da sukundireba a hannu, kowa a shagon in magana ta yi zurfi sai ya juya ya dube ta. Ta tuna mini da marigayiya Injiniya Florence Seriki, wadda ta kafa kamfanin Omatek mai haɗa kwamfuta a nan gida tun ana ganin aikin na maza ne, ta rasu a 2017.

Ba ta tambaye mu nawa muka zo da shi ba. Cewa ta yi, "Wane aiki za ta yi?" Da 'yata ta ce AutoCAD da Revit, wato manhajojin zanen gini, sai ta jawo takarda ta fara rubutu. Ni kuma na ce a yi mini bayani yadda zan gane, tunda kuɗin a jakata suke. Yadda na fahimci abin, kwamfuta kamar shagon ɗinki ce. Masarrafa ita ce telar. Ma'adanar wucin-gadi, wadda suke kira ram, ita ce teburin da take shimfiɗa yadi ta yanka. Rumbun ajiya kuma shi ne durowar da ake jibge yadika da ɗinkakkun kaya. Tela komai gwanintarta, in teburinta ɗan mitsitsi ne, rabin yininta zai ƙare a naɗe wannan a ɗauko wancan. Haka kwamfuta mai ƙaramin ram take yi, ki ga tana tsayawa tana tunani in an buɗe abubuwa da yawa.

Ana auna ram da giga. Giga 4 a yau wahala ce kawai, ko da Windows 11 ta yarda ta hau. Giga 8 za ta yi wa gida aikin rubutu da karatun yara da shiga intanet. Giga 16 ita ce kwanciyar hankali, kuma ga mai zanen gini daga nan ake farawa, 32 ta fi. Injiniyar ta ba da shawarar a sa 16 a sanda biyu, 8 da 8, domin sanda biyu suna aiki kafaɗa da kafaɗa sun fi guda ɗaya mai 16 sauri. Sannan ta nace a kan uwar allo, wato babban allon da ake dasa komai a kansa, mai ramin ram huɗu, don biyu su zauna a buɗe har ranar da kuɗi suka samu. Ta kuma ja kunnenmu cewa ram iri biyu ne a kasuwa, DDR4 da DDR5, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya, saboda haka a rubuta irin wanda aka saya a ajiye. Mu DDR4 muka ɗauka don ya fi araha a lokacin. Allah Ya taimake mu da muka sa 16 ɗin tun a ranar, domin daga ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya baki ɗaya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke fitarwa.

Rumbun ajiya shi ma iri biyu ne. Tsohon yayi yana da faifai a ciki da ke juyawa, yana da arha da faɗi, amma nawa gare shi, kuma faɗuwa ɗaya na iya kashe shi. Sabon yayi, wanda za ki ga an rubuta SSD a kwalinsa, babu abin da ke motsi a cikinsa, kwamfuta kan tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi. A cikinsa ma akwai wani siriri kamar sandar cingam da ake kira NVMe, wanda ya ninka na farkon sauri. A ganina babu wani gyara da ke canja halin kwamfuta kamar wannan. Tsohuwar da ke gidanki tana jan ƙafa, sau da yawa rumbun kawai take so a canja mata. Mun ɗauki mai tera 1, wato giga 1,000, saboda zanen gini na cin wuri. Na gida 256 ko 512 ya isa. Kuma kada ki tayar da rigima in kin ga mai tera 1 ya nuna 931, ko mai 512 ya nuna 476. Bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da Windows, ba wanda ya yanke miki.

Inda aka yi ja-in-ja shi ne katin hoto. Wani allo ne daban da ake sokawa a ciki don ya ɗauki nauyin zane mai siffar zahiri, irin wanda za a nuna wa mai gida gidansa da fenti da inuwa da fitilu tun ba a aza tubali ba. 'Yata tun daga Kano da sunan wani kati na Nvidia a bakinta. Da aka buga lissafi sai ga shi katin shi kaɗai zai cinye kaso mai tsoka na kuɗin, dole a rage ram, a ɗauki ƙaramin allon kallo, a haƙura da na'urar riƙe wuta. Kayan nan duk da dala ake shigo da su, kuma kowa ya san abin da ya sami naira tun 2023. Yarinya ta ɓata rai, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Anti, ba tare da shi ba ai kamar an saya mini keken ɗinki ne babu allura."

Injiniyar ce ta raba gardamar. Ta tambaye ta aikin da take sa ran samu a shekarar farko, ta amsa cewa yawanci taswirar gida ce ta shimfiɗe, ɗakuna da ƙofofi da awo, irin wadda ake kai wa hukuma da magina. Ta ce to wannan ba ya bukatar katin. Masarrafar i5-12400 tana da nata ɗan sashen hoto a ciki wanda zai ɗauki wannan aikin. Sai dai a kula, akwai 'yar uwarta mai harafin F a ƙarshe, 12400F, wadda ta ɗan fi araha saboda ba ta da wannan sashen. In kika saye ta babu kati, allonki ko haske ba zai nuna ba. Shawararta ita ce a ɗauki marar F, a bar ramin katin a buɗe, amma a sayi akwatin wuta na ciki mai ƙarfin wat 550 tun yanzu, mai inganci, don ranar da katin ya zo ya tarar da abincinsa. Ta ƙara da cewa uwar allon da ta zaɓa tana karɓar masarrafar zubi na 13 da na 14, in an so canji nan gaba. Ni dai wannan magana ta shige ni. Abin da za a iya ƙarawa gobe da sukundireba, a bar shi sai gobe. Akwatin wuta da uwar allo kuwa su ne harsashi, in an yi musu rowa sai an rushe an sake.

Mai shagon ya so ya sayar da katin, na ga alama a fuskarsa, amma bai sa baki ba. Na yaba masa da wannan.

A kan allon kallo ban bari an yi ciniki da idon yarinya ba. Inci 24 muka ɗauka, mai ɗigo 1920 a 1080, irin wanda launinsa ba ya juyewa in an kalle shi ta gefe. Mai zane sa'o'i za ta yi tana dubansa. Ki tabbatar bakin wayar allon ya dace da na akwatin, domin akwai tsohon baki mai shuɗi da sababbi irin su HDMI, kuma ki sa a nuna miki farin shafi da baƙin shafi ki duba ko akwai mataccen ɗigo. Wani abin da ake mantawa: kwamfutar tebur da yawa ba ta kama intanet ta iska sai an sa mata ɗan abin kamawa, kuɗinsa kaɗan ne, amma in ba ki tambaya ba sai kin je gida za ki gane. Mai koyarwa a Islamiyya kuma ta nemi allon rubutu mai haruffan Larabci a jikinsa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa bukatar sayen komai, Windows na da tsarin rubutun Hausa a ciki, kunna shi kawai ake yi.

Kafin a gama ɗaurawa muka sauka muka yi azahar, muka ci abinci a wata rumfa. Na ci amala da miyar ewedu, 'yata ta ce ita dai shinkafa. 'Yan Arewa ba su da yawa a cikin masu manyan shaguna, amma suna nan ta ko'ina a gefe: masu canji, masu dabino da goro, masu gyaran takalmi, da 'yan sari daga Kano da Kaduna da suka zo lodin waya da caja. Wani dattijo mai sayar da agogo da ya ji muna Hausa ya ce, "Hajiya, daga ina?" Na ce Kano. Ya ce shekararsa 20 a nan, amma har yau in ya ji Hausar gida sai ya ji kamar an ba shi ruwan randa.

Da muka koma an buɗe kowane kwali a gabanmu, an ɗaura, an kunna. 'Yata ta sake danna maɓallan nan uku ta karanta sunan masarrafa da yawan ram da girman rumbu, ta gwada da abin da ke takarda. Injiniyar ta buɗe wata 'yar manhaja mai suna CrystalDiskInfo da ke nuna sa'o'in da rumbu ya yi yana aiki tun da aka ƙera shi. Sabo bai kamata ya wuce 'yan sa'o'i ba. In kika ga dubbai, an taɓa aure. Muka bar na'urar a kunne kusan sa'a guda tana aiki mai nauyi don a ga ko za ta yi zafi ko ta mutu. Na sa aka rubuta lambar jikin kowane abu a rasit, da tsawon garanti, da hatimin shago, kuma kuɗin asusun shagon na tura, ba na wani yaro ba. Na tambayi Windows ɗin da aka sa ko mai lasisi ce, domin ta sata ta cika kasuwa, kuma wadda za ta riƙe aikin mutane a na'urarta bai kamata ta fara da kayan sata ba.

Saura maganar wuta, wadda a ƙasarmu ita ce rabin sayen kwamfuta. Laftof na da batir, ta tebur kuwa da an ɗauke wuta ta mutu nan take da duk abin da ba a adana ba, kuma yawan haka na lalata rumbu. Dole ne a haɗa ta da akwatin riƙe wuta da ake kira UPS. Ba janareta ba ne, mintoci kaɗan yake bayarwa ki adana aiki ki kashe cikin mutunci. Lambar da ke jikinsa tana ruɗi: mai 650 abin da yake ɗauka a zahiri bai kai wat 400 ba, don haka mai niyyar sa katin hoto ta nemi mai 1,200 ko sama. Batirinsa kuma yakan gaji bayan shekara biyu zuwa uku. In wutar unguwarku mai hawa da sauka ce, a ƙara da sitabilaiza. Gidan da ke kan sola kuwa, in aikin rubutu ne da karatun yara kawai, akwai 'yan ƙananan kwamfutocin tebur masu girman littafi da ba su fi fanka shan wuta ba, sun fi dacewa da inbata. Sannan a tuna Kano ba Legas ba ce. Zafin Afrilu na haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma na toshe fankokin ciki. Kada a ajiye akwatin a ƙasa kan kafet, kada a lulluɓe shi da kyalle yana aiki don kwalliya, kuma a kai a hure masa ƙura ko sau biyu ne a shekara.

UPS ɗin ba mu saya a can ba. Nauyi gare shi kamar dutsen niƙa, ga batir a ciki, sai muka bari sai mun dawo muka saya a titin Beirut. Hasali ma wadda kwamfutar gida kawai take so, ta yara da rubutu, ban ga dalilin da zai sa ta ɗauki hanyar kusan kilomita 1,000 ba. Titin Beirut a Kano ya ishe ta, kuma garantin da za ki iya shiga adaidaita ki je ki karɓa ya fi wanda sai kin hau jirgi. Ikeja ta fi amfani ga mai neman haɗi na musamman, inda in shago ɗaya ba shi da abu yaro zai ruga bene na gaba ya kawo cikin minti biyar.

Wajen ƙarfe biyar hadari ya haɗo, irin na Legas da ba ya sallama. Nan da nan masu baza haja a ƙasa suka hau naɗewa, masu sayar da leda suka fito kamar daga ƙasa aka tono su. Muka sa aka mayar da komai kwalinsa da soso, aka naɗe da leda biyu, wani ɗan dako ya ɗora akwatin a ka, allon kallon kuwa 'yata ta rungume abinta ta ce ba mai taɓa mata, haka kuma ta riƙe shi har cikin jirgi washegarin suna. Muka kutsa ta cikin 'yan kamasho, waɗanda har a lokacin ba su fasa tambayarmu ko za mu sayi waya ba, ruwa na dukanmu har inda ƙanena ya ajiye mota.

Ga wadda ke da niyyar zuwa, tun 2017 gwamnatin Legas ke maganar mayar da kasuwar Katangowa, can wajen Abule Egba, inda kasuwar gwanjo take. Lokacin da muka je tana nan daram a Ikeja, amma ki tambayi na can kafin ki yanki tikiti. Ki je da lambobin abin da kike so a rubuce, da takalmi marar tsini saboda matakala, ranar Lahadi kuma yawancin shaguna a rufe suke.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.